Kifin Shak na Girinlan: Dabbar da Ke Shekara 150 Kafin Ta Isa Haihuwa

A watan Maris na shekarar 2022, igiyar ruwa ta turo gawar wani ƙaton kifi bakin teku a Newlyn, garin masunta da ke kudu maso yammacin Ingila. Mace ce, tsawonta ya kusa mita huɗu. Da likitocin dabbobi suka feɗe ta, sai suka tarar da alamun cutar sanƙarau a ƙwaƙwalwarta. Amma abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai shi ne batun shekarunta. An ƙiyasta ta yi kusan shekara 100 a duniya, kuma duk da haka masana suka sanya ta cikin sahun ƙanana, domin ba ta isa haihuwa ba.

Wannan shi ne kifin shak na Girinlan, wanda ke zaune a cikin ruwa mai tsananin sanyi da zurfi na arewacin Tekun Atlantika da Tekun Aktik. A cikin dukkan dabbobi masu ƙashin baya da aka auna shekarunsu, babu wadda ta kai shi tsawon rai. Komai nasa sannu a hankali ne: tafiya, girma, balaga, har da tsufa. Wannan sannu ita ce ta ba shi damar rayuwa a inda abinci ya yi ƙaranci, kuma ita ce ta sa duk ɓarnar da aka yi wa jinsinsa take ɗaukar ƙarni kafin ta gyaru.

Suna da siffa

Masana biyu 'yan Jamus, Bloch da Schneider, su ne suka fara bayyana shi a rubuce bisa tsarin kimiyya a shekarar 1801. Sunan da aka san shi da shi a yau a littattafan ilmin halittu shi ne Somniosus microcephalus, ma'ana mai gyangyaɗi, mai ƙaramin kai. Sunan ya dace da shi. Masuntan da suka saba kama shi sun daɗe suna mamakin yadda ake jawo dabba mai girman kwale-kwale zuwa bakin jirgi ba tare da ta yi wata kokawar kirki ba. Yana da ɗan'uwa na kusa a Tekun Fasifik, kuma kamanninsu ta kai sai an yi gwajin ƙwayoyin gado kafin a rarrabe su.

Jikinsa dogo ne mai kauri, launinsa tsakanin toka-toka da ruwan ƙasa, wani lokaci da ɗige-ɗige ko ratsi. Hancinsa gajere ne mai dunƙule, idanunsa ƙanana, fukafukansa ma ƙanana idan aka gwada su da girman jikin. Fatarsa tana da kaushi, domin a lulluɓe take da wasu 'yan ƙayoyi masu kama da ƙananan haƙora. Yawancin waɗanda ake kamawa suna tsakanin mita biyu da rabi zuwa huɗu da rabi, amma akwai rahoton wanda ya kai mita 6.4, nauyinsa kuma ya zarce kilo 1,000. Mata sun fi maza girma. Kamar sauran dangin shak, ba shi da ƙashi mai tauri. Guringuntsi ne ke riƙe da jikinsa, kuma nasa guringuntsin ya fi na yawancin danginsa laushi. Wannan laushin ya daɗe yana hana masana sanin shekarunsa, kamar yadda za a gani a gaba.

Inda yake zaune

Ana samunsa a kewayen tsibirin Girinlan, da Aislan, da Norwe har zuwa tsibiran Svalbard, da gabashin Kanada daga mashigin Baffin zuwa bakin kogin St. Lawrence. Ya fi son ruwan da sanyinsa bai wuce digiri 5 a ma'aunin Salshiyas ba, kuma yana jure har ƙasa da sifili, domin ruwan gishiri ba ya daskarewa sai ya kusa digiri 2 ƙasa da sifili. Shi kaɗai ne shak da aka tabbatar yana zama a ruwan Aktik duk tsawon shekara.

Abin da yake bi shi ne sanyi, ba wani zurfi na musamman ba. A can arewa mai nisa, inda saman teku kansa ƙanƙara ne, yakan taso har kusa da sama a lokacin hunturu, shi ya sa mutanen Inuwit, 'yan asalin yankin, suke kama shi ta ramin da suka fasa a kan ƙanƙara. A bakin kogin St. Lawrence ma masu nutso sun sha haɗuwa da shi a ruwa marar zurfi. Amma da zarar an nufo kudu, inda rana ke ɗumama saman ruwa, sai ya ƙara yin ƙasa. A shekarar 1988 wata na'ura mai nutso da ke binciken tarkacen jirgin ruwan nan SS Central America, a gefen gabashin Amurka, ta ɗauki hoton wani shak mai irin wannan siffa a zurfin kusan mita 2,200. A 2013 an kama wani a Mashigin Meziko a zurfin da ya wuce mita 1,700. A 2022 kuma masu bincike suka ci karo da wani a kusa da ƙasar Beliz, cikin Tekun Karibiyan mai zafi, wanda suka ce ko dai na Girinlan ne ko kuma ruwa-biyu ne tsakaninsa da ɗan'uwansa na Fasifik. Dalilin ba boyayye ba ne: ƙasan teku mai zurfi sanyi gare shi ko a ƙarƙashin ƙasashe masu zafi, don haka iyakar mazauninsa tana iya zarce abin da taswira ke nunawa nesa ba kusa ba.

Rayuwa a irin wannan wuri tana da sharuɗɗa masu tsauri. Hasken rana yana raguwa ƙwarai daga zurfin mita 200, kuma daga mita 1,000 zuwa ƙasa duhu ne ƙirin. Duk mita goma da aka nutsa, nauyin ruwan da ke danne jiki yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kan mutum a doron ƙasa. Ke nan a mita 2,200 matsin ya ninka wanda ɗan Adam ya saba da shi fiye da sau 200.

Jikin kifin yana da hanyoyin tinkarar wannan. Ba shi da jakar iska irin wadda yawancin kifaye ke amfani da ita wajen tsayuwa a tsakiyar ruwa. A madadinta yana da ƙatuwar hanta cike da mai, kuma tun da mai bai kai ruwa nauyi ba, hantar ce ke tallafe shi ya yi ta shawagi ba tare da wahala ba. Namansa kuma cike yake da sinadarai biyu. Na farko shi ne yuriya, wanda manoma suka sani a matsayin taki, jiki kuma ke fitarwa cikin fitsari. Shak yana tara shi ne domin ruwan gishiri kada ya tsotse ruwan jikinsa. Na biyu shi ne wanda ake taƙaita sunansa da TMAO, wanda ke kare furotin na jiki daga lalacewar da yuriya da matsin ruwa za su iya jawowa.

Tafiyar hawainiya, abincin mafarauci

A 2012 wata tawaga ƙarƙashin Yuuki Watanabe, masani ɗan Japan, ta wallafa sakamakon na'urorin da ta maƙala wa wasu kifaye shida a Svalbard. Matsakaicin saurinsu bai wuce santimita 34 a daƙiƙa ba, wato kilomita ɗaya da 'yan kai a awa. Ko da suka yi iyakar ƙoƙarinsu ba su kai kilomita uku a awa ba. Kaɗa wutsiya sau ɗaya, daga wannan gefe zuwa wancan ta dawo, yana ɗaukar su kusan daƙiƙa bakwai. Dattijo mai tafiya da sanda zai wuce su. Sai dai sannu ba ta hana zuwa: an bi sawun wasu ta tauraron ɗan Adam aka ga sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 cikin 'yan watanni.

Abin da ake samu a cikinsa bai yi kama da abincin mai irin wannan nawa ba. Mafi yawa kifaye ne na ƙasan teku, amma sau da yawa akan tarar da naman sil, wata dabbar teku mai shayarwa, mai kitse, wadda ta ɗan yi kama da ayu, kuma ta fi shak ɗin gudu ninkin-ba-ninkin. An taɓa samun sassan doki da na barewar ƙasashen ƙanƙara, kuma a 2008 aka sami muƙamuƙin ɗan farin beyar a cikin wani da aka kama a Svalbard. Waɗannan dabbobin tudu kusan tabbas mushe ne da ya faɗa ruwa, domin kifin ba ya ƙyamar mushe, kuma hancinsa yana jiyo wari daga nesa. Batun sil ne ke da sarƙaƙiya, saboda wasu da aka ciro daga cikinsa sabbi ne, ba alamar ruɓa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa sil yakan yi barci a cikin ruwa don gudun farin beyar da ke farautarsa a kan ƙanƙara, shak kuwa ya lallaɓo a hankali, ba motsi ba ƙara, ya cafke shi yana barci. Idan haka ne, nawar tasa ita ce makaminsa.

Haƙoransa iri biyu ne. Na sama sirara ne masu tsini, aikinsu riƙewa. Na ƙasa masu faɗi ne, a jere suke manne da juna kamar bakin zarto. Idan ya kama abu babba, sai ya riƙe da na sama ya juya kansa, na ƙasa su yanko tsoka a zagaye. Mutanen Inuwit na dā sukan ciro jerin haƙoran ƙasan su yi wuƙa da su.

Yawancin waɗanda ke ruwan Aktik suna yawo da wani ɗan ƙwaro mai suna Ommatokoita elongata maƙale a idonsu. Fari ne, siriri, tsawonsa kamar santimita uku, yana reto daga ƙwayar idon kamar zare, yana cin fatar samanta har ta yi tabo. Wannan ya sa aka daɗe ana cewa kifin makaho ne. Gaskiyar ita ce ganinsa yana raguwa, amma akwai shaidar cewa yana rarrabe haske da duhu, kuma a wurin da rana ba ta kaiwa, hanci ya fi ido amfani.

Yadda aka gano shekarunsa

Tun kafin a sami hanyar aunawa, akwai alamar cewa wannan kifi yana daɗewa. Wani masanin kifaye ɗan Denmak, Paul Marinus Hansen, ya riƙa sanya wa kifayen alama yana sakinsu a ruwan Girinlan tun daga shekarun 1930. Ɗaya da ya yi wa alama a 1936 an sake kama shi a 1952. Cikin shekara 16 ya ƙaru da kimanin santimita takwas kacal, wato rabin santimita a shekara. Duk mai lissafi zai tambayi kansa: dabbar da ke girma haka, shekara nawa za ta yi kafin ta kai mita biyar?

Amsar ta yi wuyar samu. A sauran kifaye, ana yanka ƙashin baya ko wani ɗan dutse da ke cikin kunne a ƙirga zobban da ke ciki, kamar yadda ake ƙirga shekarun itace a kututturensa. Shak na Girinlan ba shi da wani sashe mai taurin da zai ajiye irin waɗannan zobba. Sai aka koma ga ido. A tsakiyar madubin idon kowace dabba mai ƙashin baya akwai wani furotin da ake ginawa tun tana cikin uwa, kuma jiki ba ya sabunta shi har mutuwa. Sabbin sassa sai dai su yi ta lulluɓe shi daga waje kamar ɓawon albasa. Wanda ya ɓare waɗannan sassa ya kai tsakiya, ya sami abin da aka gina a shekarar haihuwar dabbar. Daga nan sai a auna sinadarin kabon-14 da ke ciki, wanda yake raguwa a kan ƙa'ida sananniya, irin awon da ake yi wa kayan tarihi da aka tono.

Julius Nielsen na Jami'ar Kopenhagen da abokan aikinsa sun yi wannan gwaji a kan mata 28 da suka mutu bayan sun faɗa tarun masunta da na jiragen bincike tsakanin 2010 da 2013. Mafi ƙanƙanta santimita 81 ce, mafi girma kuma 502. Wani abin baƙin ciki na tarihi ya taimaka musu. Gwaje-gwajen bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama a shekarun 1950 da farkon 1960 sun watsa kabon-14 mai yawa, wanda ya shiga teku ya bar tambari a jikin duk abin da aka haifa tun daga lokacin. Cikin kifaye 28, uku kaɗai, mafi ƙanƙanta, ke ɗauke da wannan tambari. Wadda ta fi girma a cikin ukun, mai santimita 220, an haife ta ne daidai lokacin da tambarin ya fara bayyana, ke nan shekarunta kusan 50. Sauran 25 duk sun girmi zamanin nukiliya.

Sakamakon ya fito a mujallar Science a watan Agustan 2016. Babbar cikinsu an ƙiyasta shekarunta 392, da yiwuwar kuskuren shekara 120 sama ko ƙasa, wato tsakanin 272 da 512. A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara, domin labarin da ya bazu a kafafen sada zumunta daga baya cewa an kama kifi mai shekara 512 bai yi wa binciken adalci ba. Wannan adadi shi ne iyakar sama ta ƙiyasi, ba abin da aka tabbatar ba, kuma awon kabon a cikin teku yana da wahalar da ba a samu a doron ƙasa. Amma ko an ɗauki adadi mafi ƙanƙanta, 272, an haifi wannan kifi wajen shekarar 1740, kafin haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a 1754. Kafin wannan bincike, dabba mai ƙashin baya da ke riƙe da kambin tsawon rai ita ce wani nau'in wel na Aktik, da aka ƙiyasta ya kai shekara 211.

Binciken ya fito da adadi na biyu wanda bai yi amo kamar na farko ba, alhali ya fi shi nauyi. Macen ba ta balaga sai tsawonta ya kai kimanin mita huɗu, kuma lissafin ya nuna ba ta kai wannan tsawo sai ta yi shekara 150 ko kusa da haka.

Dalilin wannan tsawon rai yana da alaƙa da sanyi, wanda ke rage saurin duk wani aikin da jiki ke yi, har da lalacewarsa. Amma sanyi kaɗai bai isa bayani ba, tun da akwai kifayen da ke ruwa ɗaya da shi waɗanda ba sa wuce shekara 20. A 2024 wata tawagar masana da ta haɗa da na cibiyar nazarin tsufa da ke Jena a Jamus ta sanar da cewa ta karanta kundin ƙwayoyin gadonsa. Kundin ya ninka na ɗan Adam kusan sau biyu, kuma an ga cewa ƙwayoyin da ke aikin gyaran ɓarnar da ke samun kundin sun ninninka a cikinsa.

Game da haihuwa, ƙwai yana ƙyanƙyashewa ne a cikin uwa, ta haifi 'ya'yan da rai. Mace mai ciki da aka yi cikakken bayaninta a rubuce ita ce wadda aka kama a shekarun 1950, mai tsawon mita biyar, ɗauke da 'ya'ya goma, kowanne kimanin santimita 37. An kuma sami wasu matan da ɗaruruwan ƙwayaye a cikinsu.

Tsakaninsa da mutane

Ɗanyen namansa guba ne. Idan TMAO ya shiga hanji yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai bugarwa, kuma mutanen Girinlan sun san yadda karnukan da ke jan keken ƙanƙara suke tangaɗi, su yi amai, wani lokaci su mutu, idan suka ci shi da yawa. Sai an shanya shi ya bushe kafin a ba su. Warin fitsarin da naman ke yi har ya shiga tatsuniyar Inuwit, wadda ta ce wata tsohuwa ce ta wanke gashinta da fitsari ta goge da ƙyalle, iska ta kwashe ƙyallen ta jefa teku, ya zama shak na farko. A Aislan kuwa an mayar da shi abincin gargajiya mai suna hákarl: a binne naman ko a danne shi cikin akwati na tsawon makonni har ruwan gubar ya tsiyaye, sannan a rataye shi a iska wata huɗu zuwa biyar. Ana cinsa 'yan ƙananan yanka, musamman a bikin tsakiyar hunturu.

Amma abin da ya jawo masa kisa mai yawa hantarsa ce. Tun daga ƙarni na 19, masuntan Norwe da Aislan da Girinlan suka riƙa kama shi domin man hanta, wanda ake zubawa a fitila, daga baya kuma a injuna. A shekarun 1910 ana kama kimanin 32,000 duk shekara a ruwan Girinlan kaɗai. Sau da yawa hantar kawai ake cirewa a jefar da sauran. Kasuwar ta mutu wajen 1960 da man da ake haɗawa a masana'antu ya maye gurbinsa.

Ga kifin da ke balaga cikin shekara biyu ko uku, shekara 60 na hutu sun isa jinsi ya farfaɗo sau da dama. Ga wannan kuwa lissafin daban ne. Macen da aka haifa a 1960, shekarar da aka daina farautar, ba za ta yi haihuwar fari ba sai wajen 2110. Manyan matan da aka kashe saboda man fitila a zamanin kakanni har yanzu ba a sami masu maye gurbinsu ba, kuma masu bincike sun lura cewa yawancin waɗanda suke kamawa a yankuna da dama ba su balaga ba.

Kisan ma bai tsaya cak ba. A yau babu mai fita nemansa sai ƙalilan, amma yana faɗawa tarun manyan jiragen da ke jan ƙasan teku, yana kuma bin dogayen igiyoyi masu ɗaruruwan ƙugiyoyi, irin mamari, yana cinye kifin da suka kama har ya nannaɗe kansa a ciki. Masunci da ya ga kayan aikinsa sun lalace ba ya kallonsa da idon rahama, kuma sau da yawa yanke wutsiyar kifin ya fi sauƙi a kan warware igiyar. An ƙiyasta kimanin 3,500 ne ke faɗawa irin wannan kamu duk shekara. Narkewar ƙanƙarar Aktik kuma tana buɗe wa jiragen kamun kifi wuraren da a dā ba sa iya shiga.

A shekarar 2020 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta ɗaga matsayinsa zuwa rukunin jinsunan da ke fuskantar barazanar ƙarewa. A watan Satumban 2022 kuma ƙungiyar da ke kula da kamun kifi a arewa maso yammacin Atlantika, NAFO, ta haramta wa jiragen ƙasashen da ke cikinta riƙe wannan kifi idan sun kama shi a ruwan ƙasa da ƙasa. Dokar ta bar ƙofa ga ƙasashen da dokokinsu na cikin gida suka hana zubar da kifin da ya riga ya mutu, kuma ba ta shafi ruwan da ke ƙarƙashin ikon kowace ƙasa ba, inda can ne ake yin kaso mai yawa na kamun.